Goshin Labari: Tarihin Alamu da Ladubba a Tsakanin Ma'abota Ƙagaggun Labarai

Gabatarwa

Akwai wani irin rubutu da ya yi ƙarfi a ƙasashen da a ke magana da Turanci, musamman Amurka da Ingila, daga can kuma ya bazu cikin duniya. Mutum ya karanta wani littafi, ko ya kalli wani wasa a talabijin, labarin ya shiga ransa, har aka kai ƙarshe bai ƙoshi ba. Sai ya ɗauki alƙalami, ya ari mutanen cikin labarin da garinsu da halayensu, ya ɗora nasa labari bisa na ainihi, ya ba masu sha'awa irin tasa su karanta kyauta. A cikin wannan takarda za a kira masu wannan aiki ma'abota, abin da su ke rubutawa kuwa labaran ma'abota.

Abin dubawa a nan shi ne 'yan layukan nan da su kan rubuta a sama kafin labari ya soma, inda a ke faɗin littafin da aka aro mutanen, da waɗanda za su yi soyayya, da shekarun wanda ya kamata ya karanta, da irin abin tashin hankalin da zai tarar a ciki. Waɗannan layuka su za a kira goshin labari. Wanda bai saba ba, in ya gan su, sai ya zaci tarkacen haruffa ne. Amma ga masu abin, barinsu babban rashin ladabi ne, yin ƙarya a cikinsu kuwa ya fi barinsu muni.

Ma'abota jama'a ce da ba ta da sarki, ba ta da alƙali, galibinsu ma ba su taɓa ganin juna ba. Duk da haka sun zauna tare fiye da shekara hamsin. In an bi tarihin alamunsu za a ga kowace ɗaya tana da rigimar da ta haife ta. Za a kuma ga cewa da farko alamun na kare kai ne daga mutanen waje, watau masu haƙƙin littafi da hukuma, sa'an nan a hankali suka juya suka zama amana tsakanin marubuci da mai karatu. A ƙarshe ma'abota suka ɗauki alama suka sa ta a gurbin almakashin mai tacewa.

Nassi da Abin da Ba Nassi Ba

Ba a iya sa wa labari alamar cewa ya kauce, sai an san hanyar da ya kauce wa. Sabo da haka kalmar farko da ma'abota suka bukata ita ce wadda za ta raba ainihin labari da na ɗorawa. Wannan kalma daga wurin masoya labaran Sherlock Holmes ta fito, watau ɗan binciken nan da Arthur Conan Doyle ya ƙaga. Doyle ya rubuta labaransa 60 tsakanin 1887 da 1927, gajeru 56, dogaye 4.

A cikin 1911 wani matashin malami a Jami'ar Oksfod mai suna Ronald Knox, wanda daga baya ya zama limamin cocin Katolika, ya karanta wata takarda ta barkwanci a gaban abokansa. Ya ɗauki labaran Holmes ya yi musu irin binciken da malaman Jamus su ke yi wa Baibul, yana neman inda suka saɓa wa juna, yana rarrabe sahihi da jabu, kamar da gaske. Wasan ya karɓu. Ƙungiyar masoya Holmes da Christopher Morley ya kafa a Amurka cikin 1934 ta ci gaba da shi, har labaran nan 60 suka zama a na kiransu kanon. Kanon kalmar coci ce, tana nufin jerin littattafan da aka yarda su ne maganar Ubangiji. Kalmar da ta fi kusa da ita a Hausa ita ce nassi.

Abin da aka fara da wasa ya zama ginshiƙi. Har yau ma'abota kowane labari su kan tambayi juna, wannan magana tana cikin nassi, ko kuwa ƙari ce? Daga baya suka ƙirƙiro alama mai haruffa biyu, AU, wadda ke nufin wata duniya dabam. In marubuciya ta sa ta, ta gaya wa mai karatu ke nan cewa da gangan ta bar nassi, ta mai da sojan sama mai sayar da shayi, ko ta ta da wanda ya mutu, don kada ya zo yana yi mata gyara.

Zamanin Mujallun Gurzawa

Masu sha'awar labaran kimiyya a Amurka sun fara buga 'yan mujallunsu tun 1930, sa'ad da The Comet ta fito a Shikago. Sunan da a ke kiran labaran ma'abota da shi yau a Turanci ya bayyana tun wajen 1939, amma ma'anarsa dabam ce. Da farko labarin ɗan koyo ya ke nufi. A cikin ƙamusun da Jack Speer ya fitar a 1944 kuwa yana nufin labarin da aka ƙaga game da su ma'abotan kansu. Ma'anar da aka sani yanzu ba ta zauna ba sai bayan fitowar Star Trek.

Star Trek wasa ne na talabijin game da wani jirgi mai yawo cikin sararin samaniya, an nuna shi a Amurka daga 1966 zuwa 1969, kashi 79. Manyan mutanensa biyu ne, Kirk shugaban jirgin, da mataimakinsa Spock, wanda uwarsa 'yar Adam ce, ubansa kuwa daga wata duniya. A cikin 1967 wasu mata biyu, Devra Langsam da Sherna Comerford, suka fitar da Spockanalia, mujallar farko ta ma'abota wannan wasa. Wasu suka biyo baya da yawa, kuma mafi yawan masu rubutu cikinsu mata ne.

Ya kamata a san yadda a ke yin waɗannan mujallu, domin daga nan bukatar alama ta taso. A kan buga labari da tafireta bisa sitansil, a gurza, a ɗinke, a sayar da kuɗin da zai mai da na takarda da tawada. Mai saye ya kan ga 'yar takardar talla, ya aika da kuɗinsa ta gidan waya, ya jira makonni. Cinikin biri a sama ke nan. In mujalla ta iso ya tarar an kashe Spock a shafi na goma, ko ya tarar da abin da ba ya so 'ya'yansa su gani, ba shi da wurin kai ƙara. Don haka a cikin takardun tallan nan ne alamu suka fara zama. Aka sami alamar labarin da kowa zai iya karantawa, da ta labarin manya, da ta labarin da wani zai mutu a ciki. Mujallar Grup, wadda ta fara fita a 1972, ta yi suna da buga labaran manya, sunanta ma daga wata kalma ce da yara ke kiran manya da ita a cikin wasan.

A wannan zamani ne kuma aka sami alamar da ba marubuci ke sa wa kansa ba, masu karatu ke liƙa masa. A cikin 1973 Paula Smith ta rubuta wani ɗan gajeren labari na ba'a a mujallar Menagerie, game da wata yarinya Mary Sue, wadda ta fi kowa a jirgin kyau da basira, kowa na sonta, ta mutu kowa na kuka. Tana yi wa wani salo ne dariya, wanda ta gaji da gani. Sunan ya zama laƙabin duk wata tauraruwa da a ke zargin marubuciya ta ƙaga don ta yabi kanta. Daga baya wasu ma'abota suka yi kukan cewa laƙabin ya sa 'yan mata masu koyo tsoron sa mace a gaba cikin labari. Tun da wuri ke nan aka ga alama tana iya zama sanda.

Yadda Alamar Rubutu Ta Zama Suna

Abin da zai fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne labarin sanda jirge, watau karkataccen layin nan da a ke sawa tsakanin kalmomi biyu. Ma'abota sun saba rubuta K/S don su nuna labarin da ya dogara bisa dangantakar Kirk da Spock. Da farko kowace irin dangantaka ce, har da abota zalla. Amma a cikin 1974 wata 'yar Ostireliya, Diane Marchant, ta buga wani ɗan labari a Grup wanda ya mai da dangantakar ta soyayya, ko da ya ke ba ta ambaci sunaye ba. Wasu suka bi sahunta, wasu suka yi tir, aka yi ta musu cikin wasiƙu shekara da shekaru.

Ba wanda ya ka da wani a musun. Abin da ya faru shi ne aka raba alamar biyu. Sanda jirge ta zama ta soyayya, alamar nan ta & mai nufin "da" ta zama ta abota. Wanda ya ga K/S ya san abin da ke ciki, wanda ya ga K&S shi ma ya sani, kowa ya sayi nasa. Sa'an nan sai sunan layin kansa a Turanci, watau silash, ya zama sunan dukan labaran soyayya tsakanin maza biyu, ko daga wane wasa aka ɗauko su. Daga suna ya zama aikatau, har a kan ce wance ta yi wa wane da wane silash. Ba kasafai a ke samun alamar rubutu ta bi wannan hanya ba, daga zane zuwa suna, daga suna zuwa aikatau, cikin 'yan shekaru kaɗan. Wannan sulhu kuma shi ya zama gurbin da aka riƙa zuba sauran rigingimu: in an kasa hana abu, kuma an kasa yarda da shi, sai a ba shi suna.

Alamun Kare Kai

Akwai alamu biyu da ba don mai karatu aka yi su ba. Ta farko ita ce barranta. Tun da mutanen labarin mallakar wani ne, marubuci ya kan rubuta a goshi cewa ba nasa ba ne, na kamfani kaza ne, aro ya yi, kuma ba ya samun ko kwabo. Masana shari'a sun sha faɗi cewa wannan magana ita kaɗai ba ta kare kowa a kotu. Amfaninta na ladabi ne, kamar mai shiga gonar wani ya ɗaga murya ya yi sallama. Daga nan ne kuma babbar ƙa'idar ma'abota ta fito, cewa ba a cin riba da labarin aro.

Ta biyu ita ce shaidar shekaru. Mai sayen mujallar manya sai ya sa hannu cewa ya kai shekarun balaga bisa doka kafin a aika masa. A wurin taro kuma a kan ajiye irin waɗannan a ƙarƙashin tebur, sai wanda ya tambaya. Tsoron ba na banza ba ne. A cikin 1981 shugabar ƙungiyar masoya Star Wars ta kamfanin Lucasfilm, Maureen Garrett, ta aika wa editocin mujallu wasiƙa tana kashedi game da labaran batsa da a ke yi da mutanen fim ɗin. A cikin 2000 kuma marubuciya Anne Rice ta yi shela cewa ba ta yarda kowa ya ari mutanen littattafanta ba. Sauran ladubban da suka tsiro daga wannan tsoro su ne, ba a kai wa 'yan wasa labarin da aka rubuta game da su, kuma ba a tona ainihin sunan wanda ke rubutu da sunan aro, domin wasu malaman makaranta ne, wasu ma'aikatan gwamnati, abin zai iya cin aikinsu.

Sa'ad da Edita Ya Ɓace

A cikin shekarun 1990 labarai suka koma intanet, abubuwa uku suka sake. Na ɗaya, edita ya ɓace. A da shi ke zaɓe, shi ke gyara, shi ke rubuta talla, yanzu kowa editan kansa ne. Na biyu, kuɗi da gidan waya, waɗanda su ne katangar da ke tare yara, suka faɗi. Na uku, masu karatu suka zama na ƙasashe dabam dabam, alhali a kan nuna kashin wasa a Amurka watanni kafin ya isa Ingila.

Duk aikin da edita da mai talla su ke yi sai ya dawo kan goshin labari, ya yi tsawo, ya kuma sami tsari. A kan rubuta sunan labari da na marubuci, da awon shekaru, da waɗanda aka haɗa, da taƙaitawa, da gargaɗi, da barranta, da kashin wasan da labarin zai tona, da ko an yarda wani ya kwafa ya adana, da ko kashi na nawa ne cikin nawa. A kan kuma gode wa wanda ya duba labarin kafin a sake shi, wanda su ke kira mai karatun beta, kalmar da suka aro daga masu gwada manhajar kwamfuta. Taskar Gossamer, wadda ma'abota wasan The X-Files suka kafa a 1995, ta rarraba labarai da haruffa, R na soyayya, H na ban dariya, A na baƙin ciki, V na ɗan guntun labari.

Awon shekaru kuwa aro aka yi daga masu fim. Ƙungiyar kamfanonin fim ta Amurka ta daɗe tana aiki da dokar tacewa wadda ta tsananta daga 1934. A cikin 1968 ta bar ta, ta koma sa wa fim harafi, G da M da R da X. Daga baya M ya zama PG, aka ƙara PG-13 a 1984, aka maye X da NC-17 a 1990. Ma'abota suka ɗauki haruffan yadda su ke, domin kowa ya san su. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Haruffan nan rajistattu ne, mallakar ƙungiyar, a cikin 2005 kuwa ta nemi wasu ma'abota su daina amfani da su. A shekarar ne babbar taskar FanFiction.Net ta koma wasu haruffan, K da K+ da T da M.

Wasu alamun daga nesa suka zo. Ma'abota zane-zanen Japan su kan kira labarin batsa lemo, sunan da galibi a ke dangantawa da wani jerin fina-finai, Cream Lemon, da ya fara fita a 1984. Wanda bai kai shi zafi ba kuwa sai suka kira shi lemon tsami. Kalma ce ta sakaya zance, wadda na ciki ya gane, na waje ya wuce.

Almakashi ko Alama

FanFiction.Net, wadda Xing Li ya kafa a 1998, ta tara labaran wasanni da littattafai dabam dabam wuri ɗaya. A cikin Satumba 2002 ta hana labaran da ke ɗauke da NC-17, ta kawar da su. A cikin 2012 ta sake share wasu da yawa. Abin da ma'abota suka lura da shi yana da muhimmanci ƙwarai. Wanda ya faɗi gaskiya a goshin labarinsa shi aka fara kamawa, domin alamarsa ce ta nuna shi, wanda ya rage awo ya tsira. Watau duk inda alama ta zama dalilin hukunci, sai mutane su koyi yin ƙarya a cikinta, mai karatu kuwa shi ke hasara.

A cikin 2007 wani kamfani, FanLib, ya fito da nufin cin riba da labaran ma'abota, bai kai ƙarshen 2008 ba ya rufe. Wannan da wasu abubuwa makamantansa suka sa wasu mata, cikinsu har da marubuciya Naomi Novik, suka kafa ƙungiya a 2007 don ma'abota su mallaki taskarsu da kansu. Aka buɗe ta ga jama'a cikin Nuwamba 2009 da sunan Archive of Our Own, watau taskarmu ta kanmu, sunan da ke tuna da littafin Virginia Woolf na 1929 game da bukatar mace marubuciya ta sami ɗakinta.

Tsarin da suka yi shi ne inda tarihin nan duka ya nufa. Awon shekaru hawa huɗu ne, na kowa, na matasa, na manya, da na bayyane ƙarara, a na kuma iya barin labari ba awo. Sanda jirge da alamar & suna nan da ma'anar da aka ba su tun zamanin gurzawa. Gargaɗin da taska ta wajabta huɗu ne: mummunan zub da jini, mutuwar babban mutum a labari, fyaɗe, da jima'in da ya shafi wanda bai kai shekara 18 ba. Tun zamanin mujallu a ke gardama game da gargaɗi. Masu so suna cewa akwai mai karatun da irin abin ya taɓa faruwa gare shi, faɗa masa ba shiri cuta ce. Masu ƙi suna cewa in an gaya wa mutum wane zai mutu an kashe labarin tun bai fara ba. Taskar ba ta ba ɗaya gaskiya ba. Ta ƙara zaɓi biyu, ɗaya na cewa babu ko ɗaya cikin huɗun, ɗaya na cewa marubuci ya zaɓi kada ya yi gargaɗi. Marubuci yana da ikon yin shiru, amma sai ya faɗi cewa shiru ya yi. Mai karatun da ya shiga bayan ya ga haka, ya sayi rariya ke nan, ya san za ta zub da ruwa. Laifin da a ke bi a nan shi ne a ce babu alhali akwai.

Ban da waɗannan, marubuci yana iya ƙirƙirar kowace alama ya ga dama. Don kada abin ya zama rububi, akwai masu aikin sa kai da a ke kira da sunan da ke nufin makiyayan alamu. Aikinsu su tattara alamun da lafazinsu ya bambanta amma ma'anarsu ɗaya, su ɗaure su ga alama guda, yadda mai nema zai same su duka, ba tare da an taɓa abin da marubuci ya rubuta ba. Mai aikin ƙamus zai gane wannan aiki da gani ɗaya. Labaran taskar sun kai miliyan 1 a cikin Fabrairu 2014, suka wuce miliyan 10 a 2022. A cikin 2019 kuma aka ba ta lambar Hugo a Dablin, wadda tana cikin manyan lambobin yabo na adabin kimiyya.

Inda Alama Ta Gaza

Ba za a ce alama ta magance kome ba. Akwai mai sa gargaɗi a ƙi gaskata shi. Don haka wajen 2015 wata alama ta yaɗu, wadda aka ɗauko daga wani wasan ban dariya na Amurka, Arrested Development, inda wani ya ga jaka an rubuta mushen kurciya ne ciki, ya buɗe, ya tarar da mushen kurciya. Ma'anarta, abin da aka faɗa a goshi da gaske a ke. Samuwar alama mai tabbatar da sauran alamu shaida ce cewa yawan amfani ya rage musu kaifi, kamar yadda kan faru ga kowace kalmar ƙarfafawa a kowane harshe. Akwai kuma mai cika goshi har ya rufe wa wasu hanya. A cikin 2021, bayan wani labari ya fito da dubban alamu, taskar ta ƙayyade 75 ga kowane labari.

Babbar gazawar ita ce, alama sulhu ce tsakanin waɗanda suka yarda su zauna tare. Wanda ya ke ganin wani abu bai kamata a rubuta shi ba sam, gargaɗi ba ya gamsar da shi. Cikin ma'abota kansu akwai masu wannan ra'ayi game da wasu daga cikin abubuwa huɗun nan, musun bai mutu ba. Hukumomi ma haka. A ƙarshen Fabrairu 2020 aka toshe taskar a ƙasar Sin.

Abin Lura ga Mai Nazarin Hausa

Wani malamin adabi na Faransa, Gérard Genette, ya fitar da littafi a 1987 game da duk abin da ke kewaye da matani, kamar suna da gabatarwa da sadaukarwa, ya kira su bakin ƙofa. Bahaushe zai ce zaure, inda baƙo kan tsaya ya ji ko gidan na shiga ne. Hausa ba baƙuwar wannan ba ce. Kalmomin buɗe tatsuniya da na rufe ta alama ce mai gaya wa yaro cewa abin da ke tsakaninsu ƙage ne. Mai tahamisi, wanda ke ɗora layuka uku bisa kowane biyu na waƙar wani, ya kan ambaci mai waƙar ainihi, kada a ɗauka duka nasa ne. Marubutan Hausa masu sakin labaransu kashi kashi ta waya su ma sun tsiro da nasu goshi, su kan sa sunan ƙungiyarsu, da kashedin kada a juya musu labari, wani lokaci da cewa na matan aure ne. Nasu ba labaran aro ba ne, amma matsalar ɗaya ce, watau rubutu ba edita, mai karatu kuma ba a san shekarunsa ba. Tattara waɗannan kalmomi da bin yadda ma'anarsu ke sakewa aiki ne da ke jiran ɗalibai.

Kammalawa

Daga barkwancin Knox na 1911 zuwa ƙayyade alamu na 2021 shekara 110 ke nan. A cikinsu ma'abota sun aro kalma daga coci, da haruffa daga masu fim, da wata daga masu kwamfuta, sun kuma mai da layin rubutu suna. Darasin da suka koya da tsada a 2002 shi ne, gaskiyar alama tana dogara ga amincin mai sa ta: in faɗin gaskiya zai jawo masa hukunci, ba zai faɗa ba. Malaman da ke horad da masu koyar da adabi za su ci karo da wannan tambaya a aji, ko a hana ɗalibi littafi, ko a gaya masa abin da ke ciki. Tarihin ma'abota bai ce hanya ta biyu ta wadatar a kowane hali ba, musamman inda yara su ke. Abin da ya nuna shi ne sharaɗinta, cewa mai rubutu ya faɗi gaskiya a goshi, mai karatu kuma ya karanta goshin kafin ya shiga.